Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarken Shekaru 16 na Sanata Kabiru Gaya a Majalisa

A Panshekara na tashi, daf da rukunin masana'antu na Challawa, inda yaro kan san warin jima tun kafin ya san sunan wakilinsa a majalisa. Dagwalon da kamfanonin jima da masaƙu ke saki daga Challawa da Sharaɗa yana gangarawa cikin kogin Challawa, kogin ya haɗu da na Kano, sannan ya wuce ta Wudil, inda ake su da noman rani. Wudil kuwa tana cikin mazaɓar Kano ta Kudu. Wannan ne ya ba ni hujjar auna aikin Sanata Kabiru Ibrahim Gaya da ruwan unguwarmu, duk da cewa Ƙaramar Hukumar Kumbotso, inda Challawa take, ba mazaɓarsa ba ce.

Gaya masanin zanen gine-gine ne. Ya yi gwamnan Kano a tutar NRC daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, lokacin da Janar Sani Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula. A 2007 ya shiga Majalisar Dattawa a jam'iyyar ANPP, daga baya APC, ya zauna har 2023. Zango huɗu ke nan a jere, a ƙasar da kowane zaɓe ke share 'yan majalisa da dama. Daɗewa irin wannan jari ce, domin da ita ake samun shugabancin manyan kwamitoci da sanin lungunan kasafin kuɗi. Abin tambaya shi ne ribar da jarin ya haifar.

Adalci ya wajabta a fara da abin yabo. A matsayinsa na shugaban kwamitin hukumar zaɓe, Gaya na cikin waɗanda suka yi naƙudar Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, ta kuma ba wa tantance masu zaɓe da na'ura ƙarfin doka. Sai dai akwai tabo. A Yulin 2021 kwamitinsa ya ba da shawarar a bar wa hukumar zaɓe ikon aika sakamako ta na'ura a inda hakan zai yiwu. Da aka zo ƙuri'a, sanatoci 52 suka rinjayi 28 wajen ɗaure wannan iko da amincewar hukumar sadarwa da ta majalisa, kuma shugaban kwamitin yana cikin masu rinjayen. Sai a Oktoba majalisar ta janye, bayan jama'a sun yi ca. A ganina, wannan shi ne hoton aikinsa: gwani ne wajen tafiyar da majalisa, amma idan ra'ayin kwamiti ya ci karo da na jam'iyya, jam'iyya ce ke rinjaye. Duk da haka, a ƙarƙashin dokar da ya raina ne Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da shi a 2023. Dokar da za ta iya kayar da mai ita ta cancanci sunanta.

To, ina batun kogi? A 2007, shekarar da ya shiga majalisa, aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Doka na nan ke nan. Abin da ya rage shi ne bibiya, wadda ita ce rabin aikin ɗan majalisa: a kira jami'ai a tambaye su, a sa kuɗin matatar dagwalo a kasafi, a bi sawunsu har a ga aiki. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, kuma shi ba ya ruɓewa; yana kwanciya a laka, ya shiga kifi da kayan lambu. Shekara 16 ta ishi jariri ya zama saurayi, amma ba ta ishi ruwan Challawa ya washe ba. An fi jin amon Sanatan a fafutukar kafa Jihar Tiga, wadda har yau tana kan takarda.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sanatoci uku Kano ke da su, ga 'yan majalisar wakilai 24, ga gwamnatin jiha. Mu ma masu zaɓe mun saba auna wakili da yawan babura da kekunan ɗinkin da ya raba. Babur kan mutu cikin 'yan shekaru, doka da bibiya su ne ke wuce mai su. Wanda aka nema wa babur, babur zai kawo.

Hukuncina shi ne, Gaya ya bar doka guda da za a daɗe ana tunawa da shi a kanta, amma daɗewarsa ta fi amonsa tsawo. Ga waɗanda suka gaje shi, ma'aunin bai canja ba: a ɗebo ruwa a gadar Wudil a ƙarshen zangonsu, a duba.