Jinjina ga Masu Sassabin Zamani na Maradi

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da abin da kowa yake takawa ya wuce a gonakin Maradi. 'Yan tsiron kalgo da sabara da ake sarewa duk shekara kafin shuka suna fitowa ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rai, saiwoyinsu na can ƙarƙashin ƙasa. Aikin, wato sassabin zamani, shi ne kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. Babu dashe, babu ban ruwa, wuƙa ko lauje ya isa.

Da yunwar 1984 ta afka, mishan ta raba hatsi ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Bayan an daina rabon, da yawa suka sake sarewa. Waɗanda suka daure su ne nake jinjina wa da gaske, domin sun sha dariyar maƙwabta, ana kiransu masu ƙazamar gona. Su ne kuma suka fara ganin iska ta daina binne tsiron gero da yashi, ganye ya zama taki, icen girki ya samu a kusa, mata sun huta da doguwar tafiya.

Mai koyarwar, Rinaudo, Kirista ne da ya ɗauki kula da ƙasa a matsayin hidimar Allah. Manoman kuwa galibinsu Musulmi ne, kuma su suka yaɗa dabarar daga gona zuwa gona, har ta rufe hekta kusan miliyan 5 a Nijar.