Abin da ke Ƙarƙashin Roba: Kariya ga Masu Sauya Mariƙin Sandar Golf a Gida

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin wasu masu koyar da wasan golf, cewa wai sauya mariƙin sanda a gida aikin marowata ne, kuma duk wanda ya san darajar sandunansa shago zai kai su. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, ɗan koyo zai yanki jikin sanda da wuƙa ya lalata ta. Ta biyu, zai zura robar a karkace, ya shekara yana buga ƙwallo gefe bai san dalili ba. Ban raina hujjojin nan ba, amma ina ganin masu kawo su sun ɗauki wannan aiki a matsayin cire tsohuwar roba da saka sabuwa kawai. Da iyakarsa ke nan, da ni ma na ce a kai shago a huta. Aikin ya wuce haka, kuma ɓangarensa mafi daraja shi ne wanda shago bai cika yi wa mutum ba.

Tarihin ba shi da tsawo. A Sikotilan, inda wasan ya yi ƙarfi har sarki James na Biyu ya hana shi a 1457 don yana shagaltar da mutane daga koyon harbin baka, sanduna na itace ne, kuma mariƙinsu fata ce da ake naɗawa da hannu. Masu sassaƙa sanduna a garin St Andrews, irin su Hugh Philp da Robert Forgan da Old Tom Morris, sukan fara naɗa ƙyallen ulu a jikin itacen, su bi shi da tsirin fata, sannan su ɗaure bakin da zare mai kwalta. Kaurin ƙyallen nan na ƙasa shi ke sa mariƙi ya dace da hannun mai sanda. Sandar ƙarfe ta samu amincewar hukumar wasan ta Amurka a 1924, ta Birtaniya kuma a 1929, amma fata ta ci gaba da mulki. Kamfanin Lamkin ma da mariƙin fata ya fara a Chicago a 1925. Sai a 1953 kamfanin Golf Pride, wanda Thomas Fawick ya kafa, ya fito da robar da ake zurawa gaba ɗaya, kuma da Tommy Bolt ya ci gasar US Open ta 1958 da ita, kasuwa ta juya. Roba ta kawo sauƙi, ta kuma kawo asara guda: mutane suka manta cewa akwai wani abu a ƙarƙashin mariƙi, kuma su ke da ikon zaɓar kaurinsa.

Hujjojin nan biyu na masu koyarwa ba sa ɗaukar lokaci wajen amsawa. Yankan sanda yana faruwa ne ga wanda ya ɗauki reza miƙaƙƙiya ya danna a kan sandar girafait, wadda zaruruwa ne aka manne. Tsaga kaɗan tana iya raunana ta har ta karye wata rana. Maganin shi ne wuƙa mai baki kamar ƙugiya, wadda ke ɗaga robar ta yanke ta daga ciki ba ta taɓa jikin sanda ba, a kuma riƙa tura ta gaba, nesa da jikin mai aiki. Karkata kuwa, robar da aka jiƙa da kyau takan ba mutum minti ɗaya ko biyu kafin ta kama, wanda ya isa a ajiye kan sanda a ƙasa, a duba fuskarta, a murɗa mariƙin ya daidaita. Wanda ya yi sanduna uku ya iya. Sauran aikin ma sananne ne: a kankare tsohon salatif tsaf, a manna sabo mai danƙo ciki da waje, a bar ɗan rara a ƙarshen sanda a murɗe a cusa cikin ramin don kada ruwa ya shiga, a toshe ɗan hujin da ke gindin robar da yatsa, a zuba man goge fenti a cikinta a girgiza, a juye shi a kan salatif ɗin, a zura da sauri ba tare da tsayawa a hanya ba. A bar ta ta kwana. Fetur yana yin aikin, amma ban yarda kowa ya kawo shi cikin ɗaki ba. Kananzir kuma maiƙonsa yana daɗewa bai bushe ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato ninkin salatif. Kowa ya san gwajin da ake yi: mutum ya riƙe sanda da hannun sama, idan yatsun tsakiya biyu suka ɗan taɓa tudun tafin hannu, mariƙin ya yi daidai, idan suka nutse ciki ya yi siriri, idan suka kasa kaiwa ya yi kauri. Gwaji ne mai kyau, sai dai hannu ɗaya yake aunawa, alhali da hannu biyu ake riƙe sanda. Mariƙi kuma ba kaurinsa ɗaya ba daga sama har ƙasa. Yana tsukewa yayin da ya gangara, don haka hannun ƙasa, wanda ga yawancin mutane shi ne na dama kuma shi ne mafi ƙarfi, shi ke samun wuri mafi siranta. Hannu idan ya ji abu siriri sai ya matse. Idan ya matse, tsintsiyar hannu ta ƙage, damtse ya yi tauri, fuskar sanda ta rufe da wuri ko ta ƙi rufewa. Mai wasa sai ya ɗora laifin a kan kafaɗa ko ƙugu, ya tafi neman darasi.

Kowane ninki na salatif ɗin takarda yana ƙara kaurin mariƙi da kusan kashi 1 cikin 64 na inci, wato kimanin milimita 0.4. A ido wannan ba komai ba ne, amma tafin hannu yana jin sa. Tsakanin mariƙi na gama-gari da matsakaici akwai kashi 1 cikin 16 na inci, ninki huɗu ke nan. Ma'ana, tsakanin girma biyun da ake sayarwa a kanti akwai matakai uku da ba a sayarwa, kuma mutane da yawa a cikin matakan nan hannunsu ya faɗa. Mai aiki a gida yana iya tsayawa a kowanne. Ya fi haka ma: yana iya sa ninki ɗaya a ƙarƙashin hannun sama, uku a ƙarƙashin na ƙasa, ya rage tsukewar nan ko ya kashe ta gaba ɗaya.

A nan ne gwaninta take. Wanda ya yanka ninki uku tsawonsu ɗaya ya ɗora su wuri guda, zai bar tudu a tsakiyar mariƙi, daidai inda hannu biyu ke haɗuwa, kuma babban yatsa zai riƙa jin sa a kowane bugu. Yadda ya kamata shi ne kowane ninki ya gaza na ƙarƙashinsa da kamar faɗin yatsa, ta yadda kaurin zai hau sannu a hankali. Haka ma bakin salatif inda ya haɗu: kada a jera mahaɗan a layi ɗaya, a juya kowanne zuwa wani gefe, in ba haka ba za su taru su zama jijiya a jikin mariƙin. Dokar wasa ta ce mariƙin kowace sanda, ban da ta tura ƙwallo cikin rami, dole ya zama kewayayye, ba a kuma siffanta shi da shatin yatsu ba; cikin abin da ta yarda da shi akwai ɗan layi miƙaƙƙe mai ɗan tudu daga sama har ƙasa. Jijiyar da ganganci ya haifar ba ta cikin wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli baduku yana naɗa fata a ƙotar wuƙa, yana sassabe bakin kowane tsiri don kada ya yi tudu, ya ga irin kulawar da nake nufi.

Akwai wasu abubuwa biyu da mai ninki ke sarrafawa waɗanda mai sayen babbar roba ba ya iko da su. Na farko tauri: roba idan ta hau kan ninki da yawa takan miƙe, ta ɗan yi ƙarfi a hannu, wanda wasu ke so don suna jin bugun ƙwallo sosai. Na biyu nauyi. Mariƙi na gama-gari yana kusan giram 50, matsakaicinsa kuwa a wasu samfuran yakan ɗara da giram 10 ko fiye, kuma duk giram huɗu zuwa biyar da aka ƙara a gindin sanda suna sa kanta ya ji sauƙi da maki ɗaya a ma'aunin da masu haɗa sanduna ke amfani da shi. Takarda ba ta da wannan nauyin. Har tsawon da aka ja robar yana da tasiri: wanda ya ja ta ta wuce iyakarta ya sirantar da ita, don haka mai hankali yakan yi alama a jikin kowace sanda kafin ya zura, don duka sandunan su fito iri ɗaya. Ramin robar ma iri biyu ne aka fi sani, inci 0.580 da 0.600, idan aka zura ƙaramin a kan sanda mai kauri, mariƙin zai fito ya ɗan fi girma ba tare da ninki ko ɗaya ba.

Za a ce mini mariƙi mai kauri yana kashe hannu, yana sa ƙwallo ta kauce dama. An daɗe ana maimaita wannan kamar karatu, amma Bubba Watson ya isa amsa. An san shi da ninki goma ko fiye a ƙarƙashin mariƙinsa, na hannun ƙasa ya fi yawa, kuma shi ne a gasar Masters ta 2012 ya lanƙwaso ƙwallo daga cikin bishiyoyi a rami na 10 ya doke Louis Oosthuizen. Hannun da aka kashe ba ya yin haka. Bryson DeChambeau ya ci US Open a 2020 da 2024 da mariƙan JumboMax, waɗanda kaurinsu ya fi na kusan kowa a fagen. Kamfanoni ma sun bi sahu: samfurin Plus4 na Golf Pride an ƙera shi ne don ya kwaikwayi ninki huɗu a ƙarƙashin hannun ƙasa. Abin da masu aiki a ɗakunansu suka daɗe suna yi da takarda, shi aka zuba a roba aka sa masa farashi. Masu zura roba da injin iska kuwa ba ni da faɗa da su, hanyarsu tana da tsafta, tana kuma ba da damar cire mariƙi a sake gwadawa. Amma iska hanyar zurawa ce kawai, ba ita ke yanke shawarar ninki nawa ba.

Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne yawancin masu wasa suna riƙe da mariƙin da bai dace da hannunsu na ƙasa ba, kuma sun fi buƙatar naɗin takarda a kan sabuwar sanda mai tsada. Girman da ake kira na gama-gari an auna shi ne don ya shiga hannun mutane da yawa gwargwado, bai zauna wa kowa cif ba. Shago zai tambaye ka wane girma, ya zura, ya miƙo maka. Ba shi da lokacin da zai jira ka buga ƙwallo ɗari ka dawo ka ce a ƙara ninki ɗaya a ƙasa. Arnold Palmer, wanda ba kuɗin aiki ya rasa ba, ya shahara da zama a ɗakin aikinsa na Latrobe yana warware fatar mariƙansa yana sake naɗawa da kansa. Ya san babu wanda zai ji abin da tafinsa ke ji.

Ga masu wasa a filayen Kano da Kaduna da Jos da Abuja, batun ya fi matsowa kusa. Yawancin sandunan da ke hannun sababbin shiga na hannu ne, sun iso da robar da ta riga ta tsufa a wata ƙasa. Zafin but ɗin mota da bushewar hunturu suna busar da roba, ta yi sheƙi da santsi tun kafin shekarar da masu ƙera ta ke cewa a sauya, ko zagaye 40 na wasa. Santsi kuma matsewa yake jawowa, daidai da siranta.

Saboda haka, mai karatu, kada ka fara da duka sandunanka. Ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7 kaɗai, ka sa ninki ɗaya a sama da uku a ƙasa, ka buga da ita mako biyu tare da sauran da ba ka taɓa ba, sannan ka rubuta adadin da hannunka ya zaɓa kafin ka yanke robar ta biyu.