Shugabanci a Kan Takarda: Nazarin Littafin Jim Collins

A shekarar da nake hidimar ƙasa aka ɗora mini jagorancin wata ƙungiyar sa-kai mai mutum goma sha biyu. Tsoro ya kama ni, sai na yi abin da tsarana da yawa ke yi, wato na nemi mafita a littafi. Wanda na saya shi ne Good to Great, na marubucin Amurka Jim Collins, wanda ya fito a 2001. Wannan nazari ƙoƙari ne na auna abin da littafin ya ba ni da abin da ya gaza ba ni.

Collins da abokan bincikensa sun tace kamfanoni 1,435, suka fitar da 11 waɗanda hannun jarinsu ya yi wa na saura fintinkau har tsawon shekara 15. Daga nan suka nemi halayen da suka haɗa su. Sun ce shugaba nagari yana haɗa tawali'u da naci, yana zaɓar mutanen da suka dace kafin ya tsayar da alƙibla, kuma yana fuskantar gaskiya komai ɗacinta. Salon littafin mai sauƙi ne, labaransa suna zama a zuciya, kuma ya kyauta da ya rage wa shugaba mai cika baki daraja.

Rauninsa yana cikin hanyar binciken. Collins ya fara ne da waɗanda suka riga suka yi nasara, sannan ya waiwaya yana neman dalili. Ko da yake ya kwatanta su da kamfanonin da ba su kai su ba, yawancin hujjojinsa rahotannin jarida ne da hirarraki da mutanen da suka riga suka san ƙarshen labarin. Wanda ya ci riba, taurin kansa sai a kira shi jajircewa. Da ya faɗi, da ganganci za a kira shi. Phil Rosenzweig ya yi irin wannan suka a littafinsa The Halo Effect a 2007. Lokaci bai daɗe ba ya ba shi gaskiya: a 2008 gwamnatin Amurka ta karɓi ragamar Fannie Mae don kada ya durƙushe, Circuit City kuma ya rufe shagunansa a 2009. Dukansu suna cikin zakarun nan 11.

Ni ma na gamu da iyakar littafin. Shawarar a sallami wanda bai dace ba tana aiki ne ga mai biyan albashi. 'Yan ƙungiyarmu ba ko sisi suke karɓa ba, biyu daga cikinsu kuma sun girme ni. Da na yi wa ɗayansu gyara a gaban jama'a da sunan fuskantar gaskiya, mako uku bai sake zuwa taro ba. Sai da na bi shi har masauki na ba shi haƙuri ya dawo.

Ban yi nadamar karanta Collins ba, domin shi ya koya mini tambayar kaina ko aikin nake wa hidima ko sunana. Amma dalibin da zai ɗauki irin wannan littafi ya kamata ya fara tambaya: su wa aka bincika, su wa aka bari, kuma yaushe aka tattara hujjar?