Jinjina ga Masu Ƙiyasin Ganye

Ko da yake tuffa ba ta yi a ƙasar Kazaure, kasancewarta itaciya mai muradin sanyi irin na tsaunukan Jos da Mambila, hikimar da masana suka tsara domin ƙiyasta ganyenta, wato su auna tsawo da faɗin 'yan ganyaye kaɗan, su riɓanya, su zubar da kimanin kashi 3 cikin 10 saboda tsinin baki da na gindi, sa'an nan su hukunta wa itaciyar duka da abin da suka samu, tana da 'yar'uwa a lambunan Roni da Gwiwa, kuma ma'abotanta, Allah Ya saka musu da alheri, sun cancanci jinjina.

A nan mai lambu ba shi da mizani sai ido da basira. Yakan tsaya gindin mangwaro da tsakar rana, ya dubi yadda haske ke ɗiga ƙasa. In inuwa ta yi baƙi ƙirin, ya san ganyen ciki ci yake ba ya ciyarwa, sai ya sa adda ya sassare rassan tsakiya. In kuwa ta yi shara-shara, ya ƙara taki da ban ruwa, gudun kada 'ya'yan su fito ƙanana.