Alƙalamin Rupert East a Cikin Ƙagaggun Labaranmu na Farko

Duk ɗalibin da ya taso daga Hardawa ko Azare ya karanta Shaihu Umar ya san sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauci. Kaɗan ne ke tambayar wanda ya nemi a rubuta littafin, ya tace shi, ya kai shi ɗab'i. Wannan shi ne Dokta Rupert East (1898-1975), Baturen Ingila da ya shugabanci Hukumar Talifi a Zariya.

A 1933 East ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labari cikin zube da rubutun boko. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana edita a ƙarƙashin kulawarsa. Wannan aiki ba wanda zai raina shi.

Sai dai mu manazarta mun saba ɗaukar littattafan nan tamkar madubin tunanin Bahaushe tsantsa, alhali kuwa sun ratsa ta hannun edita mai manufa. East littattafan karatu yake nema wa makarantun boko, saboda haka ya fi son gajeren labari mai sauƙin harshe, wanda ba wa'azi ba ne. Malaman da suka gaji rubutattun waƙoƙi cikin ajami tun zamanin Shehu Usmanu ba su da gurbi a wannan ma'auni. Haka kuma shi ne ya tara wa Imam littattafan tatsuniyoyin Turai da na Gabas da aka gina Magana Jari Ce a kansu, ko da yake gwanintar mayar da su Hausawa ta Imam ce, ba ta kowa ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne Jiki Magayi, mai ɗauke da sunan East tare da na John Tafida. A cikin biyar ɗin, shi ne wanda zarensa ya miƙe daga soyayyar Abubakar da Zainabu zuwa ramuwar gayya ba tare da ratse ba. Idan muka yabi wannan tsari a aji, wa muke yabo? Tafida, ko mai jan alƙalami? Kafin mu yanke hukunci, wajibi ne a nemo rubutun hannu na farko a gwada shi da wanda aka buga.