Dattijon gari da dattijon ikilisiya

A shekarar 2006 ne Barbara Cooper, masaniyar tarihi daga Amurka wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta wallafa Evangelical Christians in the Muslim Sahel. Littafin ya buɗe da tarzomar watan Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin FIMA ta kai ga auka wa majami'u a Maraɗi. Amma ƙarfinsa yana can tsakiya, a babin da ya bi rayuwar ikilisiya daga 1933 zuwa 1955, inda ake ta fama da tambaya guda: wane ne ya cancanci ya shugabanci jama'a?

Ƴan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924 kafin su kafu a Tsibiri, sun zo da ma'auninsu daga wasiƙar Bulus zuwa ga Timoti: dattijon ikilisiya mai mace ɗaya ne, mai kamun kai. Ƙasar Gobir da ta Katsina kuwa suna da nasu ma'aunin tun kaka da kakanni. Dattijo shi ne mai babban gida, mai baƙi, wanda ake cin tuwonsa, kuma sau da yawa matarsa ba ɗaya ba ce. Ke nan mutumin da gari ke saurare shi ne wanda dokar mishan take iya hana wa kujera, a ba saurayin da ya iya karatu amma ba shi da nauyin baki a fada ko a kasuwa. Marubuciyar ta yi adalci da ba ta mai da wannan faɗan azzalumi da wanda aka zalunta ba. Kiristocin farko sun fito a matsayin masu gardama da dabara, masu sanin abin da suke so.

Haka nan batun guzuri. Mishan na son mai wa'azi ya dogara ga jama'arsa, ba ga albashin Bature ba. Ra'ayi ne mai kyau a takarda, sai dai fasto mai hannu wofi, a ƙasar da ake auna mutum da kyautarsa, yana cikin tsaka mai wuya. Ga kuma karatun da aka fi ba shi da Hausa, alhali aikin gwamnati sai da Faransanci.

Inda littafin ya gaza, ya fi jin muryar takardun mishan da ta manyan gari. Faston ƙauye, mai noma da damina yana zaman makoki tare da maƙwabtansa Musulmi, ya cancanci fili fiye da wanda ya samu. Sannan da Ingilishi aka rubuta shi. Jikokin dattawan Tsibiri, waɗanda suka ga an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, yawancinsu sai an fassara musu labarin kakanninsu.