Ejan, Dillali da Sauran 'Yan Tsakiya

A Kontagora yau kowa ejan ne. Yaron da ke zaune ƙarƙashin laima da na'urar cire kuɗi ejan ne. Wanda zai nemo maka gidan haya ejan ne, haka wanda jam'iyya ke dasawa a rumfar zaɓe, haka mai shirya maka biza ta umara. Kalma guda ta haɗiye sana'o'i da dama, alhali Bahaushe yana da sunaye daban-daban na 'yan tsakiya tun kafin Bature ya tako ƙasar nan.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, Turancin da muka aro kalmar daga gare shi ma ya taɓa rarrabewa. A tsohon Turancin fatauci akwai factor, akwai broker. Na farkon shi ake danƙa wa kaya a hannu, ya adana, ya sayar da su da sunansa, wani lokaci har ya ba mai kaya kuɗi kafin a sayar. Na biyun ba ya riƙe kaya. Aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi ladansa ya yi gaba. Gidan da na farkon ke zama da hajarsa shi ake kira factory. Wato kalmar da muke fassarawa da masana'anta a yau, a da ma'anarta zangon ciniki ce, irin waɗanda Turawa suka kakkafa a bakin tekun Afirka ta Yamma da gaɓar kogin Kwara, inda ba a ƙera ko allura.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mariga ba ya bukatar ƙamus kafin ya gane wannan bambanci. Akwai maigida, ko fatoma, wanda baƙo ke sauka a wurinsa. Shi ke ba da masauki da abinci, shi ke ajiye kuɗi, kuma in an ba da sa bashi, wuyansa ne a ciki. Sai kuma dillali, mai bakin ciniki. Ka tsaya kusa da shi ka ga aiki: ya ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, ya koma wurin mai dabba ya ce, "Alhaji, ka sallama mana." Mai dabba ya kau da kai ya ce, "Albarka." A ƙara, a ja, a sassauto, har a tafa. Shi la'adarsa kawai yake jira. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya tarar da wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969, inda ya nuna amanar maigida ce ke riƙe da cinikin shanu tsakanin Arewa da Kudu.

Wakili kuwa daban yake da su duka. Kalmar daga Larabci take, kamar dillali, amma tana ɗauke da nauyin wakilci: bakinsa bakin wanda ya aiko shi ne. Jakada kuma na tsakanin sarakuna ne.

Yadda ejan ya shigo mana yana da tarihi. Kamfanin Neja, wanda ya samu izinin Sarauniyar Ingila a 1886, manyan ma'aikatansa da wannan suna ake kiransu. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki a 1900, sojojinta suka ci Kontagora a farkon 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice, sai a 1903 aka mayar da shi kan gado. Razdan da Di'o na lokacin ba su jin Hausa sosai, don haka suka ɗauki 'yan ƙasa a matsayin ejan na siyasa: su ne tafinta, su ne masu kai saƙo fada, su ne kuma 'yan leƙen asiri. Adamu Jakada na Kano shi ne ya fi shahara a cikinsu. Dubi laƙabinsa: Bature ya ce ejan, Kanawa suka ce jakada, suka zura shi cikin rigar da suka sani. Daga baya cinikin gyaɗa ya ƙara wa kalmar kasuwa, daga zamanin Alhassan Ɗantata zuwa masu lasisin saye na hukumomin amfanin gona.

Ni dai damuwata ba ta tsarkin harshe ba ce. Ai kamasho ma aro ne, kuma ɗan kamashon tasha ya zauna daram a bakinmu. Damuwata ita ce tsoffin sunayen suna faɗa maka wa zai biya in abu ya ɓaci. Ejan ba ya faɗa. Bara na kama wa wani ɗan'uwana haya ta hannun wani ejan. Ya karɓi kuɗin gani, ya karɓi kasonsa, ya ba mu makulli. Da damina ta kama rufin ya fara yoyo, na same shi a inda yake zama. Ya ce shi haɗa mu kawai ya yi, in je in ga mai gida. Na je wurin mai gida, ya ce ai duk maganar haya a hannun ejan take. Kwano uku muka saya da kuɗinmu, na kira kafinta.